Ciwon Ɓarin Kai da Allurar Amai

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. A cikin cututtukan da ke raba ɗan Adam da wannan uwa, da wuya a sami wanda aka raina kamar ciwon kai. In mutum ya karye, kowa ya ga ɗori. In ya yi ƙurji, kowa ya ga kumburi. Amma in ya ce kansa ke ciwo, sai a ce masa, "Sannu, sha Panadol ka kwanta." Alhali kuwa ciwon kai iri-iri ne. Akwai na gajiya da na rana, waɗanda barci ɗaya ke kora. Akwai na zazzaɓi, wanda ke tafiya in zazzaɓin ya sauka. Akwai kuma wani wanda ya fi su naci, shi ne ciwon ɓarin kai.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a duniya. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, watau abin da ya tsaga kai biyu. Imamu Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a ka yana cikin harami saboda shaƙiƙar da ta same shi. Tun kafin wannan, a ƙarni na 2 na Miladiyya, babban likitan nan na Yunanawa, Jalinusa, ya ba ciwon suna da harshensu, wanda ma'anarsa ita ce rabin ƙoƙon kai. Daga sunan nan ne Turawa suka sami kalmar da suke kiransa da ita yau, watau maigirin. Masu ƙididdiga sun gano cewa wajen mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, kuma ya fi kama mata, har kusan ninki uku na maza.

Mai wannan ciwo ya san zuwansa kamar yadda manomi ya san hadari. Wani, tun ana gobe zai tashi, sai ya yi ta hamma, wuyansa ya yi nauyi, ransa ya ɓaci ba tare da wani ya ɓata masa ba. Wani kuwa sai ya ga wani ƙyalƙyali mai kama da haƙoran zarto yana gilmawa a idonsa, ko ya ji kamar kiyashi na tafiya a hannunsa da leɓensa. Wannan ba ya wuce sa'a guda. Sa'an nan ciwon ya sauka, galibi a gefe ɗaya, ta bayan ido ko gefen goshi, yana sara kamar maƙeri na dukan ƙarfe. Haske ya zama abokin gaba, ƙara ta zama abokiyar gaba, ƙamshin turare da ƙaurin girki su tayar da zuciya. In ya sunkuya ko ya hau matakala, saran ya ƙaru. In ba a yi magani ba, yakan ɗauki daga sa'a 4 har zuwa sa'a 72, watau kwana uku cur. Ga kuma tashin zuciya da amai, waɗanda ke rakiyarsa kamar zagi da sarki.

To, wannan amai shi ne tushen maganar, domin a kansa ne ake yawan samun rashin fahimta tsakanin masu jinya da ma'aikatan asibiti.

Akwai wata mata, matar wani maɗinki, sana'arta ɗinkin hula. Tun tana budurwa ciwon nan yake kama ta, yawanci in al'adarta ta kusa. In ya taso sai ta rufe taga, ta ɗaure kai da kallabi, ta kwanta a duhu. Dangin miji suka ce ƙyuya ce, gudun girki take yi. Wasu suka ce iska ce, aka yi ta yi mata hayaƙi, hayaƙin kuwa ba abin da yake ƙara mata sai amai. Wata rana aka yi bikin ƙanwarta, ta yi kwana uku ba barcin kirki, ba cin abinci a kan kari. Ranar da aka watse ciwon ya taso mata irin wanda ya fi ƙarfin kallabi. Ta sha ƙwaya ta amayar, ta sake sha ta sake amayarwa, har ruwa ya daina zama a cikinta. A dare na biyu mijin ya ga abin ya wuce na gida, ya nemo abin hawa, suka nufi babban asibiti, aka shigar da ita ɗakin gaggawa.

Likita bai yi hanzarin ba da magani ba. Ya fara auna zafin jikinta da jininta. Ya tallafi ƙeyarta ya sunkuyar da kanta, don ya ga ko wuya zai lanƙwasu. Ya haska idanunta, ya ce ta matse masa yatsu da hannun dama, sa'an nan da na hagu. Ya tambaye ta ko tana da juna biyu, ko ta faɗi ta bugu a ka. Daga ƙarshe ya ce, "Malama, wannan ciwon irin wanda kika saba ne, ko kuwa dabam yake?" Ta ce da ƙyar, "Shi ne, Likita, sai dai na yau ya ƙi tafiya." Ya yi rubutu a kati. Wata nas ta zo ta rataya ruwa, ta nemi jijiya a bayan hannu, ta fasa wata 'yar kwalba, ta zuƙe abin da ke ciki ta zuba a cikin ruwan.

Mijin yana tsaye yana kallo, ya ce, "Malama, don Allah wace allura ce wannan?"

Ta ce, "Ta amai ce, Malam."

Ransa ya ɓaci. Ya bi likita har teburinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ba a ji bayaninmu da kyau ba ne? Kai ne ya kawo mu, ba ciki ba. Kwana biyu baiwar Allah nan ba ta runtsa ba. Akwai wata allura mai ƙarfi da ake yi a kemis, wadda in an yi wa mutum nan take sai barci. Ita za a taimaka a yi mata, ko nawa ce zan biya."

Likita ya ce, "Na ji bayaninku sarai, Malam. Allurar da kake faɗi na san ta, ba kuwa don kuɗi na hana ba. Wannan da aka sa, sunanta ne na amai, amma aikinta har da kan. Ka ba ni sa'a guda. In bai sauka ba, ina da abin da zan ƙara."

Mijin ya koma ya zauna a kan benci, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ruwa yana ɗiga a hankali. Bayan kamar rabin sa'a matar ta janye mayafin da ta rufe idonta da shi, ta ce, "Malam, a ba ni ruwa in sha." Ta sha, ruwan ya zauna. Kafin sa'ar ta cika barci ya ɗauke ta. Da asuba aka sallame su, da gargaɗin cewa ta dawo ranar ganin likita don a duba yadda za a rage yawan tasowar ciwon.

Abin da ya faru da matar nan ba dace ba ne, ilimi ne. Ga yadda abin yake.

Da farko, in ciwon ɓarin kai ya taso, ba kai kaɗai yake kamawa ba, har ciki yakan tsayar. Tumbi kamar tulu ne mai ƙofa a ƙasa. Abin da aka haɗiya sai ya bi ta ƙofar nan ya shiga hanji, daga hanji ne yawancin magani ke ratsawa cikin jini. Sa'ad da ciwon ke ci, tumbi yakan yi sanyin aiki, ya riƙe abin da ke cikinsa. Saboda haka ƙwayar da aka sha sai ta yi zaune, ba ta isa inda aka aike ta da wuri ba, ko kuwa amai ya fito da ita. A shekarar 1974 wani likita a Landan, mai suna Volans, ya auna jinin masu wannan ciwo bayan sun sha asfirin. Ya ga maganin yana jinkirin shiga jininsu in ciwon na ci, amma in sun warke sai ya shiga yadda ya kamata. Daga baya ya nuna cewa in aka fara yi musu allurar amai, asfirin ɗin yakan shiga jini da sauri. Wannan ne ya sa a ɗakin gaggawa ake bin jijiya, domin abin da aka sa a jijiya ba ruwansa da ƙofar tumbi.

Na biyu, shi ne babba. Ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Abin da ke jin zafi shi ne tantanin da ya lulluɓe ta da hanyoyin jinin da ke cikinsa. Akwai wata babbar jijiya mai rassa uku a kowane gefen fuska: reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya muƙamuƙi. Ita ce ke ɗauko labarin zafi daga tantanin nan ta kai shi gindin ƙwaƙwalwa, inda kai ya haɗu da wuya. A wannan unguwa kuma wurin da ke ba da umurnin amai yake, maƙwabtan juna ne. Sassan ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar waɗansu sinadarai, ɗaya daga cikinsu ana ce masa dofamin, kuma yana da hannu a cikin hammar nan da tashin zuciyar da ke zuwa da ciwon. Allurar amai aikinta shi ne ta tare ƙofofin da dofamin ke ƙwanƙwasawa. Da likitoci suka yi ta gwadawa, sai suka ga ba amai kaɗai take tsayarwa ba, har saran kan take kwantarwa, ko da ba a haɗa ta da wani maganin zafi ba. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Magungunan da aka fi amfani da su a wannan aiki uku ne, sunayensu kuwa masu nauyi ne a baka. Na farko metokulofuramaid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil. A Faransa aka fito da shi a 1964, kuma shi ne wanda ya fi iya buɗe ƙofar tumbi. Na biyu furokuloferazin, wanda aka sani da Stemetil. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan, abin da aka saba sa wa babban mutum a jijiya miligiram 10 ne. Na uku kulofuromazin, watau Largactil. Shi ma a Faransa aka haɗa shi, kuma a 1952 aka fara ba masu taɓin hankali shi a birnin Faris. Saboda wannan tarihi ne waɗansu ke tsorata in sun ji sunansa, su ce likita ya ɗauke su mahaukata. Ba haka ba ne ko kusa. Wuƙa ɗaya ce mahauci ke fawa da ita, dukawa su yanka fata. Abin da ake sa wa mai ciwon kai kaɗan ne, kuma na dare ɗaya ne.

Wani zai ce, to, ita allura mai ƙarfin nan da maɗinki ya roƙa, me ya hana a yi ta? Allurar nan tana daga dangin mofin, su ne su fentazosin da taramadol da kodin. Suna dusar da zafi na ɗan lokaci, su sa maye da barci, amma ba sa kashe wutar da ke ci. In sun saki mutum sau da yawa ciwon sai ya dawo, ga shi kuma su kansu suna tayar da zuciya. An gwada wannan a fili. A shekarar 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Niyok na Amurka, a kan mutum 127 da suka zo ɗakin gaggawa da ciwon ɓarin kai. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka yi musu allurar furokuloferazin, ɗaya kashin aka yi musu wata allura mai ƙarfi ta dangin mofin. A cikin masu allurar amai, 60 cikin 100 suka sami sauƙin da ya ɗore har kwana biyu da allura ɗaya tak. A cikin masu allura mai ƙarfi kuwa, 31 cikin 100 ne kawai. Da masu sa ido a kan gwajin suka ga tazarar ta yi yawa, sai suka tsayar da shi tun bai kai ƙarshe ba. Tun kafin wannan ma, a 2016, ƙungiyar likitocin ciwon kai ta Amurka ta riga ta shawarci ma'aikatan ɗakin gaggawa su sa allurar amai a sahun gaba, su guji farawa da dangin mofin.

Akwai kuma wata illa da ta fi dawowar ciwon muni, ita ce sabo. Ciwon ɓarin kai ba baƙon kwana ɗaya ba ne, mai dawowa ne. Wanda ya saba duk ran da ya taso sai an yi masa allurar maye, wata rana zai wayi gari yana neman allurar ko kan bai yi ciwo ba. Mutanen Nijeriya sun ga ɓarnar da irin waɗannan magunguna suka yi wa samari da matan aure, har a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ya gudu daga ciwon kai ya faɗa wa maye, ya yi gudun gara ya tarar da zago.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka allurar amai ba ta da nata laifi. Wani in an yi masa sai ya ji jikinsa ya ƙi zama wuri ɗaya, ƙafafunsa na son tafiya, zuciyarsa na cewa ya tsinke ruwan ya fita. Wannan ba iska ba ce, aikin maganin ne, kuma yana wucewa. Don gudunsa ne ake sa maganin a hankali, ya ɗauki kamar minti 15 yana shiga, ba a ɗura shi gaba ɗaya ba. Wani kuwa, musamman yara da 'yan mata, wuyansa yakan murɗe, ko idonsa ya kafe sama, ko harshensa ya yi nauyi. Abin da ban tsoro ga mai kallo, amma akwai allurar da ke warware shi cikin 'yan mintoci, muddin an gaya wa nas nan da nan. Largactil kuma yakan saukar da jini, shi ya sa ake haɗa shi da ƙarin ruwa, a ce wa mutum kada ya miƙe zumbur, don kada jiri ya kayar da shi. Duk wanda aka yi wa ɗaya daga cikinsu, kada ya tuƙa mota ko babur a wannan rana.

Saboda waɗannan dalilai ne allurar nan ta zama ta asibiti, ba ta kemis ko ta gida ba. Haka kuma ƙwayarta ba abin sha kullum ba ce. Wanda ya daɗe yana shanta wata da watanni, bakinsa da fuskarsa suna iya kama motsi da kansu, motsin da wani lokaci ba ya barin mutum har abada. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta iyakance shan metokulofuramaid ga kwana 5 a jere. Ba kowa ne kuma allura ɗaya ke isa ba. In ciwon ya ƙi, likita yakan maimaita, ko ya sauya wani magani, wani lokaci kuma ya ƙara wata allura mai suna deksametason don ta rage dawowar ciwon bayan an koma gida.

Sauran abu ɗaya, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci. Kama da wane ba wane ba ne. Tambayoyin nan da likita ya yi wa matar maɗinki, da lanƙwasa wuyanta, ba ɓata lokaci ba ne, domin akwai ciwon kai wanda sallamar mutuwa ce. In ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, a tuna da sanƙarau, musamman da bazara. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. In ciwo ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, yana iya zama hanyar jini ce ta fashe a ka. In ya zo da shanyewar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko ruɗewa, ko farfaɗiya; in ya biyo bayan faɗuwa ko duka a ka; in ya kama mai juna biyu da ta yi nisa, ga kumburi ga dishi-dishin gani; in kuma ya fara wa wanda ya haura shekara 50 alhali bai san shi da ƙuruciya ba, to, duk waɗannan ba na jira ba ne. A ɗauki mutum a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya neman allurar da za ta rufe bakin ciwon.

Shi kuwa wanda aka tabbatar ciwonsa na ɓarin kai ne, rigakafi ya fi magani. Ya lura da abin da ke tayar masa da shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga wani yunwa ce, ga wani rashin barci, ga wani ƙishirwa da zafin rana, ga wani turare mai ƙarfi. Wanda ya saba da goro ko shayi, in ya bari farat ɗaya kansa yakan yi ciwo, shi ya sa waɗansu ke wahala a kwanakin farko na azumi. Wanda ya iya rubutu ya sami ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, da abin da ya ci, da yadda ya kwana, da maganin da ya sha. Littafin nan zai amfani likita fiye da dogon bayani. In ciwon ya taso, a sha magani tun da farkonsa, kafin tumbi ya rufe ƙofa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma kada a mai da ƙwayar zafi abincin kullum. Wanda ke shan irin su Panadol kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, maganin da kansa yakan koma ya zama sanadin ciwon kai. Mai irin wannan hali ya ga likita, akwai magungunan da ake ba da su don rage yawan tasowar ciwon.

Dangin mai ciwo kuma su tausaya masa. Ba ƙyuya ba ce, ba raki ba ne. A rage masa haske da hayaniya, a ɗauke masa aikin ranar. In amai ya hana magani da ruwa zama a cikinsa, ko ciwon ya ƙi sauka, a kai shi asibiti. In an je aka ji an ce allurar amai za a yi, kada rai ya ɓaci. Wanda bai gane ba ya yi tambaya cikin ladabi, matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita, amin.